Hukuncin Karatun Falsafa Ba Tare Da Malami Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Wanda Ya girmama ɗan Adam da hankali, sa'an nan Ya haskaka hankalin da wahayi. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

 A wannan mako za mu duba wata mas'ala wadda take yawo a bakin samarinmu, musamman 'yan makarantun gaba da sakandare, a nan Kawaji da sauran unguwannin Kano. Mas'alar kuwa ita ce: shin ya halatta ga Musulmi ya zauna shi kaɗai ya karanta ilmin falsafa ba tare da malami ba? In kuwa ya halatta, ta ina zai fara, kuma a ina zai ja linzami?

A da, mai neman littafin falsafa sai ya bi rumfunan masu littattafai a Kasuwar Kurmi ɗaya bayan ɗaya, ko ya yi ta sintiri a laburare, kafin ya dace da guda. Yau kuwa littattafan da laccocin duk suna cikin wayar da ke aljihun yaro. Uba in ya ji kalmar falsafa sai gabansa ya faɗi. Wani malamin kuma in an tambaye shi, sai ya ce kafirci ne, ya rufe bakin magana. Yaro ya yi shiru don ladabi, ya koma ɗaki ya ci gaba da karatunsa a ɓoye, ranar da shakka ta kama shi kuwa ba shi da wanda zai kai wa kuka. To, abin da muke tsoron a yi asararsa a nan imanin 'ya'yanmu ne, saboda haka ya wajaba a yi maganar a fili, da hujja.

Mece ce falsafa?

Kalmar asalinta daga harshen Yunanawa ne, watau mutanen Girka, ma'anarta son hikima. Abin da ake nufi da ita shi ne binciken asalin abubuwa da hankali tsagwaronsa: mene ne samuwa, ta yaya mutum yake sanin abin da ya sani, mene ne adalci, mene ne kyakkyawan hali. Manyan malamanta na farko su ne Suƙuratu, da almajirinsa Aflatun, da almajirin Aflatun, watau Aristo. Littattafan Aflatun da Aristo sun shigo hannun Musulmi ta hanyar fassara a Bagadaza, musamman a zamanin Halifa Ma'amun wanda ya yi mulki daga shekarar 813 zuwa 833. Daga nan aka sami masu falsafa a cikin Musulmi, kamar Alkindi, da Alfarabi wanda ya rasu a 950, da Ibnu Sina wanda ya rasu a 1037.

Shi dai tunani a kan kansa addini bai hana shi ba, umurni ma ya yi da shi. A ƙarshen Suratu Ali Imrana, aya ta 190 da ta 191, Allah Maɗaukakin Sarki Ya yabi ma'abuta hankali masu ambatonsa a kowane hali, masu tunani a cikin halittar sammai da ƙasa. A lura da yadda aka haɗa ambaton Allah da tunani a wuri guda. Saɓanin malamai ya taso ne a kan littattafan Yunanawa da abin da suka ƙunsa.

Imamu Gazali ya karanta ta shi kaɗai

Mafi shaharar wanda ya karanta falsafa ba da malami ba a tarihin Musulunci shi ne Hujjatul Islam, Abu Hamid Algazali, wanda ya rasu a 1111. Shi da kansa ya ba da labari a littafinsa Almunƙizu Minad Dalal cewa ya karanta littattafan masu falsafa a lokutan da ya sami sarari, alhali yana koyar da ɗalibai ɗari uku a Bagadaza. Bai cika shekara biyu ba ya kai ƙarshensu, sa'an nan ya ƙara kusan shekara guda yana juya su a zuciyarsa. Dalilinsa shi ne mutum ba zai gane ɓarnar da ke cikin wani ilmi ba sai ya san ilmin kamar yadda masu shi suka san shi, mai raddi a kan abin da bai fahimta ba kuwa tamkar mai jifa ne a cikin duhu.

Samari suna son wannan labari ƙwarai, amma rabinsa suke ɗauka. Kafin Gazali ya buɗe littafin Ibnu Sina, ya riga ya shekara da shekaru a gaban Imamul Haramaini Aljuwaini a Naisabur, ya ƙoshi da fiƙihu da usulu da ilmin tauhidi, har Waziri Nizamul Mulki ya ɗora shi a kan makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1091. Gogaggen malami ne ya shiga kogin, wanda ya riga ya iya iyo.

Da ya fito, bai yi wa falsafa kuɗin goro ba. Ya kasa ta kashi shida: lissafi, da manɗiƙi, watau ilmin auna hujja, da ilmin ɗabi'ar halittu, da ilmin da ya shafi Ubangiji, da siyasa, da ilmin halaye. Ya bayyana cewa lissafi da manɗiƙi babu abin da addini yake ƙi a cikinsu, kuma mafi yawan kurakuran masu falsafa suna cikin kashi na huɗu. A littafinsa Tahafutul Falasifa ya ƙirga mas'aloli 20. Ya ce 17 daga ciki bidi'a ne, uku kuwa kafirci: cewa duniya ba ta da farko, da cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa filla-filla ba, da cewa ba za a tashi jikkuna ranar alƙiyama ba.

Ya kuma yi gargaɗi a kan mutum biyu. Na farko shi ne wanda ya ga ƙwarewar masu falsafa a lissafi, sai ya zaci haka suke a komai, ya bi su har cikin ɓatarsu. Na biyu shi ne jahilin masoyin addini, wanda yake ganin taimakon Musulunci shi ne ƙaryata duk abin da ya fito daga wajensu, har da lissafin husufin rana da wata. Mai ilmi in ya ji haka ba zai yi shakkar lissafinsa ba, addinin zai ɗauka an gina shi a kan jahilci. Jama'a, duk mutanen nan biyu muna da su a cikinmu yau.

Saɓanin ya taɓa ƙasarmu

Kada wani ya zaci wannan magana baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili, wanda ya sauka Kano wajen shekarar 1492 a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya rubuta wa sarki nasiha a kan sha'anin mulki, masanin manɗiƙi ne, yana da waƙar koyar da shi mai suna Minahul Wahhab, wadda ɗalibai suka riƙa karantawa har a Tumbutu. Shi kuwa Shehu Jalaluddini Assuyuɗi na Masar, wanda ya rasu a 1505, yana ganin ilmin haramun ne. Suka yi musayar baitoci a kan haka, kamar yadda Ahmad Baba na Tumbutu ya kawo a littafinsa Nailul Ibtihaj. Hujjar Magili ita ce gaskiya ake dubawa, in hujja ta inganta kafircin wanda ya faɗe ta ba ya ɓata ta. Hujjar Suyuɗi kuwa ita ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai yarda wa Sayyidina Umar karanta wata takarda ta Attaura ba. Duk da zafin saɓanin, kowannensu ya girmama ɗan'uwansa.

Sa'an nan ga Shehu Abdurrahman Al'ahdari, mai littafin Ahalari wanda kusan kowane ɗayanmu ya fara koyon tsarki da salla a cikinsa. Shi ne kuma mai Sullamul Munawraƙ, ƙaramar waƙar manɗiƙi da ya tsara a shekara ta 941 bayan Hijira yana ɗan shekara 21. A cikinta ya kawo ra'ayi uku. Ibnus Salah da Imamu Nawawi sun haramta. Wasu malamai sun ce ya kamata a san shi. Magana ingantacciya a wurinsa kuwa ita ce ya halatta ga mai cikakkiyar basira, wanda ya goge da Alƙur'ani da Sunna. Daga baya da kafin nan an sami masu suka mai ƙarfi, irin su Ibnu Taimiyya wanda ya rasu a 1328, ya kuma rubuta littafi guda na raddi ga masu manɗiƙi. Amma shi ma sai da ya karance littattafansu tsaf kafin ya yi raddin.

A daular Sakkwato kuma akwai Shehu Abdulƙadir ɗan Mustafa, wanda aka fi sani da Ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta wajen 'yarsa Hadiza. An haife shi a 1804, shekarar hijirar Shehu, ya zauna a Salame, ya rasu a 1864. Ban da littafinsa na tarihi Raudatul Afkar, ya yi rubutu a kan mas'alolin falsafa, kamar Alfutuhatur Rabbaniyya da Kulliyatul Alamis Sitta. Baturen nan matafiyi ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya haɗu da shi a 1853, ya lissafta shi mafi ilmin mutanen Sakkwato na wannan zamani. Shi ma a gidan ilmi ya tashi, a gaban mahaifinsa da manyan malaman jama'ar Shehu, kafin ya waiwayi wannan fanni.

Abin da za mu ɗauka daga duk wannan shi ne hukuncin yana bin halin mai karatun. Wanda ya ƙoshi da addininsa, yake da nutsuwa da basira, ya halatta gare shi, wani lokaci ma al'umma tana bukatar a sami masu yi don su amsa wa masu jefa shubuha. Wanda kuwa bai san wajiban sallarsa ba, ko mai raunin zuciya wanda kowace iska take kaɗa shi, nisantarta ita ce wajibi a kansa har sai ya yi ƙarfi. Haka Ibnu Haldun ya yi wasiyya a Muƙaddima, cewa kada ɗalibi ya kusanci wannan ilmi sai ya cika cikinsa da tafsiri da fiƙihu. Ibnu Rushdi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya dubi ɗaya gefen, ya kwatanta mai hana wanda ya cancanta karatun da mai hana mai ƙishirwa ruwa don wani ya taɓa shaƙewa da ruwa ya mutu.

Haɗarin karatun kaɗaici

Ibnu Sina da duk kaifin basirarsa, wanda ya haddace Alƙur'ani yana ɗan shekara goma, ya faɗa a tarihin rayuwarsa cewa ya karanta littafin Aristo na abin da ke bayan ɗabi'a sau 40, har ya haddace shi, bai gane inda ya dosa ba. Sai wata rana a kasuwar masu littattafai ya sayi wani ɗan ƙaramin sharhi na Alfarabi a kan dirhami uku, nan take ƙofa ta buɗe masa. In haka ta faru ga Ibnu Sina, ina ga ɗanmu da ya fara jiya?

Mai karatu shi kaɗai yana fuskantar ramuka uku. Na ɗaya, kalmomin fannin suna da ma'ana ta musamman. Jauhari da aradi da hayula a bakin masu falsafa ba su ne abin da ƙamus yake faɗa ba, wanda ya fahimce su a karkace kuwa duk abin da ya gina a kai karkatacce ne. Na biyu, shubuha gajeriya ce, tana shiga layi ɗaya, amsarta kuwa takan bukaci shafi goma. Mai gaggawa ya haɗiye layin, ya kasa haƙurin shafukan. Na uku, wanda ya fi muni, girman kai. Yaro ya karanta littafi biyu, sai ya fara kallon liman da mahaifinsa a matsayin mutanen da ba su waye ba, daga nan kuma kunnensa ya toshe ga duk mai yi masa gyara.

Tsanin da ya kamata a bi

Mataki na farko, farilla kafin nafila. A karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala a gaban malami, a gyara karatun Alƙur'ani, a san Arba'una Hadisi. A tauhidi a karanta Ummul Barahin ta Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490. A farkonta ya kasa hukuncin hankali uku: wajibi, watau abin da hankali ba ya karɓar rashinsa, da mustahili, wanda hankali ba ya karɓar samuwarsa, da ja'izi, wanda samuwarsa da rashinsa duk suna yiwuwa. Wannan ɗan taƙi kaɗai yana warware ƙulli da yawa. Misali, masu shubuha sukan tambayi yara ko Allah zai iya halittar dutsen da ba zai iya ɗagawa ba. Wanda ya karanta Sanusi ya san ikon Allah yana rataya ne ga abin da samuwarsa take yiwuwa, gazawa kuwa mustahili ce a gare Shi, saboda haka tambayar tun daga tushe tana warware kanta, daidai take da a nemi murabba'i mai kusurwa uku.

Mataki na biyu, harshe. Ko Larabci ko Turanci, duk wanda za a yi karatun da shi a tabbata an riƙe shi da kyau. Mai Larabci ya wuce Ajurumiyya tukuna. Da yawa daga abin da yara suke zato zurfin ma'ana ne, raunin harshensu ne kawai.

Mataki na uku, manɗiƙi, shi ne ma'auni. A fara da Isaguji na Al'abhari, sa'an nan Sullam tare da sharhinsa. Ga ɗanɗano kaɗan. In aka ce duk Bakano ɗan Nijeriya ne, Audu Bakano ne, lalle sakamakon shi ne Audu ɗan Nijeriya ne. Amma in aka ce duk Bakano ɗan Nijeriya ne, Audu ɗan Nijeriya ne, saboda haka Audu Bakano ne, hujja ta ɓaci, domin mai yiwuwa ne Audu Basakkwace ne ko Bazazzagi. Jimlolin biyu gaskiya ne, ginin ne ya rushe. Yawancin maganganun da suke ruɗa samari a intanet irin wannan ginin ne, an yi musu ado da manyan kalmomi.

Mataki na huɗu, tarihin fannin. A nemi littafi guda mai sauƙi wanda ya jero masu falsafa bi da bi, don a san wa ya faɗi me, wa ya yi masa raddi. Nan ɗalibi zai ga cewa babu wata magana a falsafa da ba a sami wani mai falsafa ya rushe ta ba. Wannan sani yana maganin rawar kai.

Mataki na biyar, littattafan asali, kuma a fara da namu. Almunƙizu ƙarami ne, ana iya gama shi a mako biyu. Sai Hayyu bin Yaƙzan na Ibnu Ɗufail, wanda ya rasu a 1185, labarin yaron da ya tashi shi kaɗai a tsibiri har tunani ya kai shi ga sanin Mahalicci. Bayan su sai a duba gajerun tattaunawar Aflatun, sa'an nan na Turawa, kamar Dekart na Faransa wanda ya rasu a 1650. Mai karatu zai ga yadda shakkar da ya fara da ita ta yi kama da wadda Gazali ya bayyana fiye da shekara ɗari biyar kafin shi. Tahafut da raddin da Ibnu Rushdi ya yi masa a bar su sai ƙarshe.

A duk matakan nan a riƙe alƙalami da littafin rubutu. Shafi biyar a rana da fahimta sun fi hamsin da gudu, sannu ba ta hana zuwa. In an gama babi a rufe littafin, a rubuta da Hausa abin da marubucin yake da'awa da hujjar da ya kafa. Abin da ka kasa faɗa da harshen uwarka, ba ka fahimce shi ba tukuna. Kuma karatu ba da malami ba bai zama karatu ba da mai duba ba. Kano ba ta rasa malamai, daga na zaure har na Makarantar Nazarin Larabci da Jami'ar Bayero. A tara tambayoyi, ko sau ɗaya a wata a kai wa wanda aka amince da ilminsa da tsoron Allahnsa. Matambayi ba ya ɓata.

A ina za a ja linzami? Alamomin a bayyane suke. In salla ta fara yi maka nauyi, in ka ga kwana ya wuce ba ka buɗe Alƙur'ani ba alhali ka buɗe Aflatun, in ka fara jin daɗin kunyata mutane da gardama, to ajiye littafin, ka koma ga malaminka. Ba a rasa komai da jinkirin shekara guda.

Nasiha ga iyaye da malamai

Ya ku iyaye, da ku 'yan'uwana malaman Islamiyya, yaron da ya kawo muku tambaya mai nauyi yana nuna har yanzu ya amince da ku ne. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wasu sahabbai sun kai kuka ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan wasiwasin da suke ji a zukatansu wanda suke jin nauyin furta shi. Bai kore su ba, ya sanar da su cewa wannan ƙyamar da suke ji ita ce tsantsar imani. Ya kuma koya mana cewa in Shaiɗan ya ja mutum har zuwa tambayar wanda ya halicci Ubangiji, ya nemi tsarin Allah ya tsaya nan. Malaman tauhidi sun ƙara da bayanin cewa jerin masu halitta marar farko mustahili ne a hankalce, dole a tuƙe ga Wanda samuwarsa wajibi ce. Ga maganin zuciya, ga kuma na hankali, duka biyun yaro yana bukata.

Mu tuna kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi rubuce-rubuce yana kwaɓar ɗaliban zamaninsa masu kafirta talakawa don ba su iya jero hujjojin ilmin tauhidi ba. Saurin kafirtawa bai taɓa gyara kowa ba. In ba mu san amsar tambaya ba, mu ce Allah ne Masani, mu kama hannun yaron mu kai shi wurin wanda ya sani. Rigakafi ya fi magani, rigakafin kuwa shi ne mu mayar da Ummul Barahin da Sullam cikin karatun manyan azuzuwan Islamiyyunmu, yadda magabatanmu suka karantar da su.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata. Allah Ya tsare imanin zuriyarmu, Ya ba su ilmi mai amfani, Ya sa mu cika da kyau da imani, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.